ADON ƊAKI DAIDAI ƘARFIN MAI SHI: FAIFAI DA TABARMAR KABA A GIDAJEN MADARUNFA

Kamar yadda kowa ya sani, da zarar an gama girbi, hatsi ya shiga rumbu, to, lokacin bukukuwa ya kama ke nan a ƙasar Katsinar Maraɗi. A gundumar Madarunfa, tun daga Jiratawa da Safo da Sarkin Yamma har zuwa Gabi da Ɗan Isa, da wuya mako ya wuce ba a ji guɗa a wata unguwa ba. Gunduma ce mai yawan jama'a, domin ƙidayar shekarar 2012 ta samu mutum fiye da 400,000 a cikinta. Garin Madarunfa kansa yana kudu da birnin Maraɗi, a bakin tabkin nan da ya yi suna saboda kifi da tsuntsaye da kaburburan waliyyai 99 da jama'a ke zuwa ziyara. A shekarar 2006 hukumar Nijar ta miƙa sunan tabkin da gandun dajinsa da kaburburan ga UNESCO, cikin jerin wuraren da take fatan a lissafa su a kayan tarihin duniya, kuma a shekarar 2019 aka sanya tabkin cikin dausayoyin da yarjejeniyar Ramsar ke karewa.

Amma murnar biki tana tafe da nata nauyi, kuma mafi yawansa a kan uwar amarya yake sauka. Ita ce za ta cika ɗakin ɗiyarta da kaya, ita ce za a yaba ko a zarga ranar da mata suka shiga ganin jere. Akwai uwayen da ke sayar da akuyar da suka daɗe suna kiwo, akwai masu jinginar da gona, akwai masu cin bashin da sai kaka biyu ta zagayo ba su gama biya ba. Alhali kuwa a cikin gidajen nan akwai wata tsohuwar sana'a wadda ke ƙawata ɗaki da kuɗi kaɗan, watau ɗinkin faifai da saƙar tabarmar kaba. Ya kamata ma'aikata da shugabannin ƙungiyoyi da duk wanda ya fito ajin yaƙi da jahilci su sake duban wannan sana'a da idon basira.

Yadda jere ya canza kama

A al'adar Hausawa gida na namiji ne, amma ɗaki da abin da ke cikinsa na mace ne. Kayan ɗaki dukiyarta ce ta halal: in aure ya mutu da ita take tafiya, in yunwa ta zo ita take taɓawa. A da, jeren amarya ƙoruka ne fesassu, masu zane, a ɗora wata bisa wata, a rataye wasu cikin ragaya, a rufe kowace da faifai. Bango kuma a lulluɓe shi da fayafai masu launi, daga wuyan ɗaki har kusa da gado. Mafi yawan waɗannan kaya daga hannun dangi suke fitowa: kaka ta ɗinka, gwaggo ta ɗinka, amarya kanta ta ɗinka tun tana budurwa. Kalmar lefe ma da ake faɗi yau, asalinta sunan wani kwando ne da ake saƙawa da kaba, wanda a cikinsa ake zuba tufafin amarya kafin akwati ya zo.

Da kuɗin gyaɗa suka shigo ƙasar Maraɗi a zamanin mulkin mallaka, sai tasoshi da kwanonin sha masu fenti suka fara ture ƙwarya daga bisa jere. Da farko kamfanonin Turawa ke kawo su, daga bisani suka riƙa kwararowa daga masana'antun Nijeriya ta hanyar Jibiya da Ɗan Isa. Bayan kwano sai tangaran, bayan tangaran sai kabad mai gilashi, da gadon katako, da katifa, da kujeru, da labule. Wata malamar tarihi ƴar ƙasar Amurka, Barbara Cooper, ta yi bincike a kan aure a Maraɗi daga 1900 zuwa 1989, ta wallafa littafinta a shekarar 1997, inda ta nuna cewa kayan ɗaki ma'auni ne na darajar mace da yawan mutanen da ke bayanta. Wannan ne ya sa faɗakarwa kaɗai ba ta taɓa rage su ba. A zamanin mulkin Janar Seyni Kunce, daga 1974 zuwa 1987, hukuma ta yi ƙoƙarin ƙayyade kuɗin aure, kuma Ƙungiyar Matan Nijar da aka kafa a 1975 ta sha yin magana a kan tsadar biki, amma gasar jere ba ta tsaya ba.

Illar wannan canji a fili take. Kayan da ake yi a gida farashinsu bai dogara da kowa ba, amma kayan da ake sayowa daga waje suna hawa da sauka tare da kuɗi da kan iyaka. A watan Janairu na 1994, da aka karya darajar sefa da rabi, duk abin da ake shigowa da shi daga Turai da Asiya ya yi tashin gwauron zabi. A watan Agusta na 2019 Nijeriya ta rufe iyakarta ta ƙasa har zuwa Disamba na 2020, sannan aka sake rufe ta bayan juyin mulkin 26 ga Yuli na 2023. A kowane karo ƴan kasuwar Ɗan Isa da Maraɗi da uwayen amare sun ji a jikinsu. Haka kuma a shekarun yunwa, 1973 zuwa 1974, da 1984 zuwa 1985, da 2005, mata da yawa sun fitar da kwanoninsu kasuwa a lokaci guda, masu saye kuwa ba su da yawa, aka karɓe su a araha. Hausawa dai sun ce kayan aro ba ya rufe katara.

Kaba da goruba abu ɗaya ne

Mutane da yawa na birni ba su san cewa kaba da goruba tsiro ɗaya ne ba. Goruba ita ce itaciyar da ta girma, ta rabu reshe biyu, kowane reshe kuma ya sake rabuwa biyu, abin da ba a saba gani ba a cikin dangin dabino da giginya. Akwai namiji akwai mace, kuma macen ce kaɗai ke ƴaƴa. Kaba kuwa ita ce ƙaramar, wadda ke fitowa cunkus daga ƙasa, ganye bisa ganye. In aka bar ta, ɗaya daga cikin tohonta zai miƙe ya zama goruba bayan shekaru masu yawa. In kuwa kullum ana yankanta, haka za ta dawwama a durƙushe, ba ta mutu ba, ba ta kuma girma ba.

A jihar Maraɗi babban mazaunin wannan itaciya shi ne Gulbin Kaba, wanda ya ratsa ta ƙasar Tasawa da Mayahi, kuma daga gare ta ya samo sunansa. Daga can ake ɗauro dammunan kaba zuwa kasuwannin jihar, su haɗu da wadda ake yanka a gonaki da fadamun kudu. Da ita ake yin tabarma da wundi da faifai da malfa da mahuci da sanho da igiya da gammo. Ƴaƴan goruba kuma yara su gwigwiya, mata su daka su yi kunu ko abin sha, gungumenta ya yi azara, busasshen reshenta ya shiga murhu. Da wuya a samu itaciyar da ba a zubar da kome nata kamar wannan.

To, amma kaba tana cikin matsi. Gonaki sun cinye dajin da take yaɗuwa, dabbobi na cin tohonta da rani, masu yanka kuma wani lokaci sukan zurfafa wuƙa har su taɓa zuciyarta, wadda in ta lalace wannan toho ya mutu ke nan. Ga kuma masu tsinke ƴaƴa tun suna ɗanye, iri bai samu faɗuwa ƙasa ba. A farkon shekarun 2000 wani shirin hukuma na gyaran dazuzzuka ya kafa wuraren sayar da kaba na haɗin kai a Gulbin Kaba, domin a tsara yanka, ƙauyuka kuma su samu rabonsu. Darasin da ya fito daga wannan aiki mai sauƙi ne: a kowane cunkus na kaba a zaɓi toho ɗaya ko biyu masu ƙarfi a bar su su miƙe, a yanki ganye daga sauran.

Wannan dabara ba baƙuwa ba ce ga manoman Maraɗi, domin ita ce sassaben zamani. A shekarar 1983 ne wani ma'aikacin mishan ɗan ƙasar Ostareliya, Tony Rinaudo, ya fara jan hankalin manoman jihar ga kututturan da ke raye a ƙarƙashin gonakinsu, su daina ƙone tohonsu, su gyara shi ya zama itace. A watan Mayu na 1984 aka yi babban taron ƙasa na yaƙi da hamada a birnin Maraɗi, inda aka ɗauki alkawarin da ake kira Alkawarin Maraɗi. Masu bincike sun ƙiyasta cewa ta wannan hanya itatuwa kimanin miliyan 200 suka dawo a fili mai faɗin kadada miliyan 5, mafi yawa a jihohin Maraɗi da Damagaram. Abin da aka yi ma gawo da kalgo da sabara, goruba ma ta cancance shi.

Yadda ake ɗinka faifai

Kayan aikin mai faifai ba su da yawa: kaba, da busasshiyar ciyawa mai tsawo ta yin ciki, da basilla, da ƴar wuƙa, da ƙwaryar ruwa. Ganyen da ake so shi ne sabon toho wanda bai gama buɗewa ba, domin shi ne mai laushi, kuma in ya bushe yakan yi fari fat. Ana shanya shi har ya bushe sarai, sannan a tsage shi siri-siri, a ware tsinken tsakiya mai tauri, wanda shi ma ba a yar da shi: yana shiga cikin faifai ko ya zama tsintsiya. Kafin a fara ɗinki sai an jiƙa kabar ta yi taushi, in ba haka ba za ta riƙa karyewa a hannu.

Rini shi ne matakin da ke ba faifai kyawunsa. Tsofaffin mata sun san launukan da ƙasa ke bayarwa kyauta. Ja yana fitowa daga karan dafi, watau wata irin dawa da ake shukawa domin jan kubenta, a dafa shi da ƴar kanwa. Rawaya tana fitowa daga saiwar rawaya ko gangamau. Baƙi kuwa daga bagaruwa ne in ta haɗu da tsatsar ƙarfe, kamar yadda dukawa ke yi ma fata. Galurar kanti ta fi su saurin kamawa da ƙyalli, ta kuma kawo kore da shuɗi da ruwan hoda, amma kuɗi ake saye, kuma rana na cin ta da wuri. Mai son rage kashe kuɗi tana iya barin mafi yawan faifan a farinsa, ta sa launi a zobe biyu ko uku kurum.

Ana fara faifai daga cibiya. Mai ɗinki ta ɗauki ƴan siraran ciyawa ta naɗe su da kaba, ta lanƙwasa su su zama ɗan ƙaramin zobe. Daga nan sai ta riƙa zagayawa: ta huda zoben da ta gama da basilla, ta zura bakin kaba, ta ja ta ɗaure sabon zobe a jikin tsohon. In ciyawar ciki ta fara sirancewa, ta cusa wata, domin kaurin zobe ya kasance ɗaya daga farko har ƙarshe. Zane yana fitowa ne ta wurin sauya launin kaba a daidai inda ake so, kuma wannan aiki ne na ƙidaya: in mai ɗinki ta ɓata lissafin ɗinki a zobe ɗaya, tauraro ko dagin da take nufi zai karkace a zobe na gaba. Da yawa daga cikin matan da suka shiga ajin yaƙi da jahilci suna cewa ba su iya lissafi ba, alhali kuwa sun shekara suna raba da'ira gida takwas daidai wa daida ba tare da alƙalami ba.

Ana gane faifai mai kyau da abu uku. Na ɗaya, ɗinkinsa ya matse har gari ba ya zuba ta jikinsa. Na biyu, in aka ajiye shi ƙasa ya kwanta lif, ba ya tankwashewa. Na uku, bakinsa ya kasance a dunƙule da kyau, domin ta baki faifai ke fara warwarewa. Aiki ne na kwanaki, ana yinsa ne a tsakanin sauran ayyuka: bayan an sauke tuwo, ko da hantsi a inuwar zaure, ko ana hira da maƙwabta. Saboda haka ya dace da matan da ke cikin kulle da tsofaffin da ƙarfin surfe ya bar su.

Amfaninsa kuwa ya wuce ado. Da faifai ake bakace da sheƙa, da shi ake rufe ƙwaryar fura da akushin tuwo da bakin randa, ƙuda da ƙura ba su samu hanya ba. A shekarun da cutar amai da gudawa ke ɓulla a jihar, ma'aikatan lafiya ba su da wata magana da ta wuce a wanke hannu, a rufe abinci, a rufe ruwan sha. Sunansa ma ya bi zamani, domin da garmaho ya zo, Hausawa ba su nemi wata kalma ba, suka kira abin da ake ɗora masa faifai. A ƴan shekarun nan wasu mata sukan warware tsohon buhu ko su yanka leda su naɗe faifai da ita. Dabara ce ta rage kuɗi da rage shara, amma irin wannan ya fi dacewa da bango, kada a rufe abinci mai zafi da shi. Tun ranar 5 ga Nuwamba na 2014 akwai dokar da ta hana shigowa da ledar da ba ta ruɓewa a Nijar, ko da yake har yanzu ana ganin ta maƙale a ƙaya a bakin kowane gari.

Wasu al'ummai ma haka suke

Ƙawata gida da abin da ƙasa ta tsirar ba Hausawa kaɗai ke yinsa ba. A Turai da Amurka, idan Kirsimeti ya gabato, Kirista sukan tanƙwara rassan itacen da ba ya kaɗe ganye su yi zobe mai kama da babban gammo, su ƙawata shi da ƴaƴan itace da jan ƙyalle, su rataye a ƙofa. A wurinsu zoben, da yake ba ya da farko ba ya da ƙarshe, yana tuna masu dawwamar Ubangiji. Wani nau'insa da ake ɗora ma kyandir ya samo asali ne daga gidan marayu: a shekarar 1839, a birnin Hambug na ƙasar Jamus, wani malamin coci mai suna Johann Hinrich Wichern ya ɗauki tsohuwar ƙafar amalanke ya jera mata kyandirori, manya guda 4 na ranakun Lahadi da ƙanana na sauran kwanaki, domin yaran matalauta da yake riƙo su riƙa ƙidaya kwanakin da suka rage. A yau ana sayar da irin wannan zobe da tsada a kantuna, amma iyalai da yawa sun gwammace su tsinko rassa su yi nasu da hannu. Kiristan jihar Maraɗi ma, a Tsibiri da Danja da cikin birni, sukan ƙawata majami'a da ganyen dabino a Lahadin da ke gabanin Ista.

Ɗakin da ake salla a cikinsa

Ga Musulma, ɗakinta nan ne masallacinta, nan ne kuma makarantar farko ta ƴaƴanta. Saboda haka gyaransa yana farawa ne da tsabta, tun kafin a zo ga ado: a share, a yi daɓe ko a wanke siminti, a shafe bango da farar ƙasa, a keɓe wuri guda mai fuskantar alƙibla inda ba a barin ƙazanta ta kai. Tabarmar salla a naɗe ta a rataye bayan an idar, buta a ajiye ta da ruwa, a turara ɗaki da maraice. Duk waɗannan ba su bukatar dukiya.

Babban abin alfaharin bango a gidan Bahaushe shi ne allon zayyana. Idan yaro ko yarinya suka sauke Alƙur'ani, akan sa gwani ya rubuta masu allo, ya kewaye rubutun da zane mai launi ja da rawaya da kore, a kai shi gidajen dangi a yi masu barka, daga ƙarshe uwa ta rataye shi a ɗakinta. Allon nan, in aka kewaye shi da fayafai, ya ishi ɗaki kyau, kuma kowane baƙo da ya shigo ya san abin da gidan ke girmamawa. Malamai suna jan kunne cewa duk abin da ke ɗauke da ayoyi, allo ne ko kalanda ko gilashi, a ɗaga shi sama, nesa da hayaƙi da hannun ƙananan yara, kuma in ya tsufa kada a ƙunshe ƙuli-ƙuli ko magani da takardarsa. Malamai da yawa kuma ba su son rataye siffar abu mai rai a inda ake salla, zanen faifai kuwa zobe ne da kusurwa da tauraro, ba ya jawo wata gardama.

Addinin Musulunci ya hana almubazzaranci kamar yadda ya hana rowa, ya kuma tsoratar a kan bashin da mutum ya san ba ya da halin biya. Malamai sukan tuna ma jama'a cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yakan kwanta bisa tabarmar ganyen dabino har ta yi masa shaida a jiki, kuma kayan ɗakin ɗiyarsa Nana Faɗima ba su wuce ƴan abubuwan bukata ba. Cikin matansa, Nana Zainab ɗiyar Jahshi ta shahara da aikin hannu, tana jima tana ɗinkin fata, ta yi sadaka da abin da ta samu. A ƙasar Hausa ma, Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda aka haifa a Maratta cikin ƙasar Nijar ta yau a shekarar 1754, an san shi da tukar igiya da hannunsa. Ɗiyarsa Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, da ta kafa ƙungiyar ƴan taru domin karantar da matan ƙauyuka, alamar girma da take ba kowace jaji ita ce malfa. Ke nan sana'ar saƙa tana da daraja a tarihin malamai da na mata masu ilimi.

Sana'a da lissafi

Mai faifai tana iya yi ma ɗakinta, tana kuma iya kai ma kasuwa. Matsalarta ita ce jari da lissafi. Sau da yawa takan sayi kaba da rani lokacin da ta yi tsada, ta sayar da faifai ɗaya-ɗaya ga dillaliya lokacin da bukata ta matsa mata, ba ta kuma taɓa ƙidaya kwanakin da ta ɓata a kansa ba. Magani yana nan kusa. A shekarar 1991 ƙungiyar CARE ta fara shirin Mata Masu Dubara a jihar Maraɗi: mata kamar 25 ko 30 su haɗu, kowane mako kowace ta zuba abin da aka yarda a kai cikin asusu, su riƙa ba junansu rance, a ƙarshen zagaye su raba. Daga Maraɗi wannan tsari ya bazu zuwa ƙasashe da dama na Afirka da Asiya. Ƙungiya irin wannan tana iya sayen kaba da galura a sari lokacin da suke araha, ta ajiye fayafan mambobinta har kaka, lokacin da uwayen amare ke nema.

A nan ne aikin wadda ta yi yaƙi da jahilci yake. Ta ɗauki littafi ta ja layi huɗu: kuɗin kaba, kuɗin rini, kwanakin aiki, kuɗin da aka sayar. Bayan wata uku ƙungiya za ta gane da kanta wane faifai ke da riba, babba ko ƙarami, na ado ko na aiki, da kuma kasuwar da ta fi biya. Tun daga shekarar 2000 ake shirya baje kolin sana'o'in hannu na mata, wanda ake kira SAFEM, a birnin Yamai, inda masu saye daga ƙasashen waje ke zuwa. Abin da suke dubawa shi ne aiki mai tsabta, girma iri ɗaya, da launin da ba ya zuba.

Abin da ya rage ga kowa

Ma'aikatan gandun daji da na gona su sanya goruba cikin itatuwan da suke koya ma manoma gyarawa, su kuma zauna da masu yankan kaba, waɗanda da yawansu mata ne da yara, a nuna masu inda wuƙa ya kamata ta tsaya. Ranar 3 ga Agusta, wadda tun 1975 ake dashen itatuwa a cikinta, a keɓe ma goruba nata fili a gefen tabki da fadamun gulbi. Magadan gari da hakimai su ba ƙungiyoyin mata rumfa a kasuwa, su rangwanta masu haraji. Malaman lakkol da na yaƙi da jahilci su gayyato tsofaffin gwanaye su koya ma ƴan mata, tun gwanayen suna da ido da hannu. Limamai kuma su ci gaba da tunatarwa a kan sauƙaƙa aure, musamman a wa'azin da mata ke halarta, tun da su ne ke ɗauke da nauyin jere, su ne kuma ke auna na juna.

Ga uwar amarya, shawara ita ce ta fara da abin da ɗiyarta za ta yi aiki da shi kowace rana: tukunya, randa, shimfiɗa, gidan sauro, tabarmar salla. Ado ya biyo baya gwargwadon hali, kuma a raba ɗinkinsa ga dangi tun watanni kafin biki, kamar yadda kakanni suka yi. In kuɗi sun ragu, a saya ma amarya tunkiya ko a zuba mata a asusu, domin tunkiya na haihuwa, tangaran kuwa fashewa yake yi. Su ma dangin ango su kama bakinsu ranar ganin ɗaki, gama gorin da suke yi ma uwar amarya yau, shi ke jiran su ranar da tasu ɗiyar ta isa aure. Daidai ruwa daidai tsaki.

Allah shi albarkaci hannun masu sana'a, shi ba amare da angwaye zaman lafiya, shi kuma ba ƙasar Nijar damina mai albarka. Amin.